Baƙo a Bakin 'Yan Siyasa

Barkanmu da wannan lokaci, mutanen Anka da Bagega da Wuya, mutanen Gummi da Gayari da Daki Takwas, mutanen Bukkuyum da Gwashi da Nasarawar Burkullu, da duk inda muryar nan ta iske ku, a gida ko a bakin hanya ko a masaukin gudun hijira.

Da wuya ka ƙirga gida biyar a jere a wannan yanki namu ba ka tarar da mai mutum a waje ba. Wani ɗansa yana Legas, a Agege ko Alaba Rago. Wani ƙanensa yana Sabo ta Ibadan. Wani ya bi ta Agadas tun shekarun baya, sai dai a ji muryarsa a waya daga Libiya ko Aljeriya. Akwai kuma tsofaffin da 'yan'uwansu suka tafi Gwanja, ko suka bi hanyar gabas da niyyar Makka, suka zauna can har jikokinsu ba su taɓa ganin Gulbin Ka ba. Mu mutanen ci-rani ne tun kaka da kakanni. Don haka duk ranar da ɗan siyasa a wata ƙasa ya hau dandamali ya ce baƙi Musulmi sun ƙi sajewa da 'yan ƙasa, da wani namu yake, ko ya san shi ko bai san shi ba. Wannan magana ta sajewa ita za mu tona yau, mu ga wa ke furta ta, kuma a wane irin lokaci take tasowa.

Bari mu fara da Kumasi, don labarinta ya fi na Turai kusa da mu.

Hausawa sun daɗe da sanin hanyar Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega, a ratsa Yawuri da Borgu, a kai Salaga da kanwa da tufafi da fatu, a juyo da goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akara, kowane gari da zangonsa. Turawan Ingila da kansu sun ɗebi Hausawa aikin soja da ɗan sanda a can, har rundunar ma da sunan Hausa aka san ta. Malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, sun yaye ɗalibai da suka riƙe masallatan ƙasar. Tsawon wannan lokaci mutumin zango yana fawa, yana gadi, yana dakon koko, yana biyan haraji, kuma ba a cika tsare shi da tambayar ina takardarka ba.

Tambayar ta yi ƙarfi ne ranar da ya samu ƙuri'a. A 1954 Musulmin zanguna suka fito da jam'iyyarsu, MAP, ta haɗa kai da masu adawa da Kwame Nkrumah a ƙasar Asante. Gana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Ba a yi wata shida ba gwamnati ta ba da umarnin korar manyan jagororin jam'iyyar biyu a Kumasi, Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan. Aka ce baƙi ne, kuma zamansu ba alheri ba ne ga ƙasa. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan Gana ne. Tun kotu ba ta kai ga yanke hukunci ba majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman, da sunayen mutanen nan biyu a jikinta, aka fitar da su zuwa Najeriya. Ku lura da kyau, jama'a. Ba a tuhume su da rashin jin yaren Asante ba, ba a tuhume su da ƙin biyan haraji ba. Sun shiga siyasar ƙasar ne tsundum, wanda iyakar sajewa ke nan, sai dai sun shiga ta ƙofar da mai mulki ba ya so.

Shekara goma sha biyu bayan haka abin ya wuce mutum biyu. Tattalin arziki ya taɓarɓare, matasa ba aiki, sabon Firayim Minista Kofi Busia yana neman abin da zai nuna wa jama'a. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Aka ce su ne suka mamaye kasuwa, su ne masu fasa-ƙwauri, su ne suka cika gidajen yari. Dubun dubatar mutane suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka nufi kan iyaka: Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, Musulmi da Kirista, da yawansu a Gana aka yanke cibiyarsu. Wasu suka karyar da gidaje da rumfuna a kuɗin da bai kai ya kawo ba. Aikin da aka ce sun tare bai koma hannun matasan ba, gonakin koko ma sai suka rasa 'yan ƙwadago. Busia kansa bai cika shekara uku a kan mulki ba sojoji suka kifar da shi a Janairun 1972.

To ga abin mamaki. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo, wadda jam'iyyarta ta gaji gidan siyasar Busia, ita ce ta kafa asusun raya zanguna, har da ma'aikata da minista. Abokan hamayyarsu kuwa ba sa gajiya da tuna wa mutanen zango shekarar 1969 duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato. Mutanen zanguna irin su Nima da Sabon Zango ba su sake addini ba, ba su daina Hausa ba, ba su bar cin tuwo ba. An dai ƙirga ƙuri'unsu ne aka ga suna iya kayar da mutum. Babban limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zango ne, kuma da ya cika shekara ɗari a 2019 ya taka har wata cocin Katolika a Akara ya gaisa da jama'arta, ƙasa duka ta yi alfahari da shi. Jikan wanda aka kira baƙon banza jiya, yau shi ake nuna wa duniya.

Mu leƙa Turai. Can abin da aka fi yi wa baƙo Musulmi shi ne a kumbura yawansa har ya cika wa mutane ido. A 2016 kamfanin jin ra'ayin jama'a na Ipsos ya tambayi Faransawa, cikin mutum ɗari a ƙasarku nawa ne Musulmi? Matsakaicin amsarsu 31. Ainihin adadin da kamfanin ya dogara da shi kuwa bai kai 8 ba. Wannan giɓi ba daga sama ya faɗo ba. Idan kullum ka kunna talabijin kana jin ana maganar ambaliyar baƙi, ana nuna jirgin ruwa maƙare da mutane, dole mace ɗaya mai hijabi a tashar mota ta zama goma a idonka. A Siwizalan, a watan Nuwamban 2009, aka yi ƙuri'ar raba gardama aka haramta gina hasumiyar masallaci, da rinjayen kashi 57 cikin ɗari da 'yan kai. Hasumiya nawa ce a ƙasar duka a lokacin? Huɗu. Amma a fastar masu yaƙin neman a haramta, an zana hasumiyoyi jere kamar makamai masu linzami sun huda tutar ƙasar, ga mace lulluɓe da baƙin niƙabi a gefe. Wanda ya zana ba ya buƙatar hujja, hoton ya gama masa aiki.

Bayan an kumbura yawan, sai a ba taron duka fuska ɗaya, kuma fuskar mafi muni daga cikinsu ake zaɓa. Wani lokaci ma fuskar aro ce. A ƙarshen Yulin 2024 wani matashi ya kashe 'yan mata ƙanana uku da wuƙa a garin Southport na Ingila. Kafin 'yan sanda su ce uffan, labari ya zagaye intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta jirgin ruwa, har da sunan ƙarya aka laƙaba masa. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa wasu birane, aka yi yunƙurin ƙona otal-otal da masu neman mafaka ke ciki. Yaron kuwa a Cardiff aka haife shi, iyayensa daga Ruwanda, bai taɓa neman mafaka ba. Gaskiyar ta fito, amma ta tarar an riga an fasa tagogi.

Akwai wata ƙofa ɗaya da ake bar wa baƙo a buɗe, ita ce ta jarumta. A Janairun 2015, lokacin da wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a wani kantin Yahudawa a birnin Faris, wani ma'aikacin kantin, Lassana Bathily, Musulmi ɗan Mali, ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi, sannan ya sulale ya taimaka wa 'yan sanda. Cikin kwanaki aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, da biki. A 2018 wani ɗan Malin, Mamoudou Gassama, ya hau bene hawa huɗu da hannu ya ceci yaro da ke reto, shi kuma Shugaba Macron ya karɓe shi a fada. Madalla da su, sun cancanta. Sai dai ni abin da ke damuna shi ne sauran: mai sharar titi, da mai jinyar tsofaffi, da direban bas da ke fita tun kafin asuba. Su ba sa cikin hoton. A bakin ɗan siyasa baƙo Musulmi ko dai ɗan ta'adda ne ko kuma gwarzo. Mutum kamar kowa, mai neman abin sa wa a bakin salati, ba ya kawo ƙuri'a, saboda haka ba a ambatonsa.

Kun san mai awon da ke da tiya biyu, ta saye daban, ta sayarwa daban. Haka ake auna sajewa. A ce ka koyi yare, ka koya. A ce ka yi karatu, ka yi. A ce ka nemi aiki, ka rubuta takarda, sai sunanka ya tsaya maka a hanya. Wasu masu bincike uku, Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort, sun gwada wannan a Faransa, suka wallafa sakamakon a 2010. Suka aika wa kamfanoni takardun neman aiki masu ilimi ɗaya da ƙwarewa ɗaya, da sunan mahaifi ɗaya na Sanagal, wato Diouf. Ɗaya sunanta Marie, ɗaya Khadija. Aka kira Marie ganawa fiye da ninki biyu na yadda aka kira Khadija. Launin fata ɗaya, asali ɗaya, addini ne kawai ya raba su. Gobe kuma ɗan siyasa ya tashi ya ce Khadija tana zaune a gida tana cin tallafin gwamnati, ta ƙi sajewa. Mesut Özil, wanda ya ɗauko wa Jamus kofin duniya a 2014, da ya ajiye rigar ƙasar a 2018 kukan da ya yi ke nan: idan an ci wasa shi Bajamushe ne, idan an sha kashi shi baƙo ne.

Ita Jamus ɗin, a 1961 ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya aka kawo mata ma'aikata, don masana'antunta na ƙishin hannu. Ta kira su ma'aikata baƙi, da tunanin za su gama su koma. Shekara kusan arba'in yaran da aka haifa musu a can ba su da haƙƙin zama 'yan ƙasa ta hanyar haihuwa, sai a shekarar 2000 aka gyara dokar. A 2010 kuma shugabar gwamnatin ƙasar, Angela Merkel, ta fito ta ce tsarin zaman al'adu daban-daban gefe da gefe ya gaza. Ya gaza, ko kuwa ba a taɓa gwada shi da gaske ba? Wanda ka bari a zaure shekara arba'in, ba ka da bakin tambayarsa don me bai san tsakar gida ba.

Kada wani ya ji ni ya ɗauka ina cewa baƙo ba ya laifi, ko tsoron da talakan Turai ke ji ƙirƙira ce. A Nuwamban 2015 an kashe mutum 130 a dare ɗaya a Faris, kuma waɗanda suka yi kisan da sunan addininmu suka yi. Mu da muka binne mutanenmu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, ba sai an koya mana abin da tsoro ke yi wa zuciya ba. Kuma akwai haƙƙin da ke kan baƙo. Ƙasar da ta ba ka masauki tana da doka, ka bi. Tana da yare, ka koya. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai namu da ke shekara ashirin a Kudu bai sa ɗansa makaranta ba, bai yi rajistar komai ba, bai san ofishin kowa ba in ban da gidan Sarkin Hausawa, ranar da rikici ya tashi kuma ba shi da maƙwabci ɗaya ɗan gari da zai tsaya masa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma wannan gyara aikin malamai ne da iyaye da shugabannin zango da malaman makaranta, kuma a hankali ake yin sa, shekara da shekaru. Ɗan siyasar da ke ihu a dandamali ba shi yake nema ba. Da baƙon zai gyaru gobe da safe, da ya rasa abin yaƙin neman zaɓe.

Idan kuma wani yana ganin bambancin addini ne tushen abin, ya dubi Sudan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da tafiya gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu, har yau da sunansa ake kiran garin. Hausawa da Fulani da Barebari sun zuba gumi a gonakin audugar Jazira tun da aka buɗe su a 1925. Suna jin Larabci, suna sallah sahu ɗaya da kowa. Amma da Hausawan jihar Blue Nile suka nemi a ba su masarauta tasu, aka ce musu baƙi ba su da ƙasa, kuma ba a sarauta sai da ƙasa. Rikicin da ya ɓarke a Yulin 2022 ya ci rayuka fiye da ɗari, ya sake tashi a Oktoba ya ci wasu. Shekara ɗari da ɗoriya, alƙibla ɗaya, har yanzu baƙi.

A cikin Najeriyar nan ma, inda sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya ga dama, mun gani. A Agustan 2019 jami'an Legas sun tsare matasa 123 daga Jigawa da suka shigo cikin babbar mota da baburansu, aka bincike su ba a samu komai ba. A Fabrairun 2021 saɓanin 'yan mutane kaɗan a kasuwar Shasha ta Ibadan ya zama ƙone-ƙone da asarar rayuka. A Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano hutun Sallah, bisa zargin masu satar mutane ne. Kafin hannu ya kai ga ashana, baki ya daɗe yana zana Bahaushe a matsayin mai mamaya.

To, jama'a, laifi tudu ne. Mu sauko mu dubi namu, ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Ranar 17 ga Janairun 1983 Ministan Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Najeriya. Mako biyu, daidai wa daida da na Busia. Kuɗin man fetur ya faɗi, zaɓe na tafe a watan Agusta, gwamnatin Shehu Shagari na neman wanda za ta ɗora wa laifi. Aka tuno da rikicin Maitatsine na Kano na Disambar 1980, aka ce ai Muhammadu Marwa ɗan Kamaru ne, baƙi ne ke kawo mana fitina, alhali mafi yawan mabiyansa da aka kama 'yan Najeriya ne. Mutum kusan miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Cadi da muke sallah tare. Jakar nan da muke zuba kaya a ciki in za mu tasha, kowa ya san sunan da ta samo daga wannan kora, muna faɗinsa muna dariya. Kafin nan ma, a Janairun 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, aka tsallakar da shi Cadi aka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Sai kotu ce ta dawo masa da 'yancinsa. Wanda ya ji labarin Amadu Baba na Kumasi ya ji wannan, ai ba sai an yi masa bayani ba. A Yunin 2017 kuma wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa. Mutum nawa ne a cikinmu suka ji haushi a ranar, kamar yadda muke jin haushi in an yi wa namu?

Mu Zamfarawa muna da wani tsohon labari da ke sa mu ɗar-ɗar da baƙo, kuma ba zan tsallake shi ba. A ƙarni na 18 Gobirawa suka gangaro daga arewa, Sarkin Zamfara ya ba su wurin zama, daga baya Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama babban birni, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Duk mai son tsorata mu da baƙo yana da wannan a aljihu. Amma waɗancan sarki gare su, da dawaki, da runduna. Mai haƙar rijiya daga Tawa, ko matar da ta gudo da 'ya'ya huɗu da tabarma, ba Babari ba ne. Kuma jikokin waɗanda suka yi wancan yaƙi, na ɓangarorin biyu, yau surukan juna ne.

Da masifar 'yan bindiga ta same mu, bayanin da ya fi sauƙi a bakin manya shi ne baƙin haure ne. Shugaba Buhari da kansa, a Landan a 2018, ya danganta kashe-kashen makiyaya da manoma da 'yan bindigar da Gaddafi ya horar. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ba baƙi 'yan ƙasashen waje sa'a 48 su bar wuraren haƙa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: makamai na ratso iyaka, zinaren Bagega da kewaye ya jawo mutane daga ƙasashe maƙwabta, Lakurawan da suka addabi Tangaza da Gudu ma daga tsallake suka faro. Amma an yi fiye da shekara biyar da hanin nan kafin a ɗage shi a Disambar 2024, kisa bai tsaya ba. Cikin jagororin 'yan bindigar, Bello Turji a ƙasar Shinkafi ya tashi. Ado Aleru ɗan ƙasar Tsafe ne, har rawani aka naɗa masa a 'Yandoto a 2022. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya nuna yatsa ga wasu masu rawani na cikin gida. Masu kai musu mai da burodi da labari, ba daga Mali suke zuwa ba. Kalmar baƙin haure ta yi wa masu mulki amfani, don wanda ya ce daga waje cuta ta zo ba zai amsa tambayar burtalin da aka nome ba, ko dajin kiwon da aka raba wa masu hannu da shuni, ko alƙalin da ya ci na makiyayi ya ci na manomi.

Wanda ya biya kuɗin wannan kalma shi ne Bafulatanin da kakansa ya yi kiwo a bakin Gulbin Ka, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, aka wayi gari shiga kasuwa ta gagare shi, 'yan bindiga sun kwashe shanunsa, 'yan sa-kai kuma suna kallonsa da fuskar wanda ya kwashe su. Abin da aka yi wa masallacin Southport ke nan, da Hausa.

Yanzu kuma mu ne baƙin. Tun 2019 dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi. Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji suka buɗe musu gidaje da rumbuna tun kafin wata hukuma ta iso, daga baya hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. A can ba wanda ya tsaya jarraba su ko sun iya gaisuwa. Abin da ake lissafi shi ne rijiya nawa, aji nawa, gona fa, asibiti fa, takarda fa. Ko a Faris ko a Garin Kaka, ainihin sajewa a nan take, kuma duk abubuwa ne masu cin kuɗi da lokaci, shi ya sa mai neman ƙuri'a ya fi son maganar hijabi da hasumiya.

A cikin garin Anka, mutanen ƙauyuka sun yi shekaru a matsugunan wucin gadi, har da filin ginin sabuwar fada. Gummi da Bukkuyum ma sun cika da waɗanda suka baro gonakinsu. An haifi yara a wannan zama, wasunsu sun isa shiga firamare. Akwai kuma ɗan mai kemis daga Kudu da aka haifa a Gummi, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, da jikan ɗan Nijar da ya zo ci-rani tun zamanin fari bai koma ba. Ranar da ɗayansu zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, za a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wannan takarda ba majalisar Faransa ke sa mata hannu ba. Mai unguwa ne zai shaida, hakimi ya tabbatar, shugaban ƙaramar hukuma ya buga hatimi, kuma shi shugaban da 'yan majalisarsa za su zo ƙofar gidajenku neman ƙuri'a. In sun zo, ku tambaye su yaran nan 'yan ina ne.